Wai da gaske akwai farin asiri da baƙin asiri, ko duk kanwar ja ce?

Ɗan Bolari:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu ilimi a cikinmu ina da tambaya, kuma ba rigima nake nema ba, abu ne ya tsaya min a rai.

Addata wacce nake bi tana aure a nan cikin garin Gombe, yaranta huɗu, bara mijin ya ƙaro aure, tun daga nan gida ya rikice. Mutumin da a da ko masallaci za shi sai ya leƙo yace mata ya fita, yanzu in ranar girkinta ne sai dare ya raba yake shigowa, ya ci abinci ko kallonta bai yi ba, ita kuma duk ta rame ga ciwon kai kullum ga munanan mafarkai, tace da ta shiga ɗakinta sai ƙirjinta ya yi nauyi. Toh Goggonmu tace wannan ba banza ba, hannu aka sa, kuma akwai wani malami ta hanyar Kumo da ta sani, shi ba ya baƙin aiki, farin aiki kawai yake yi. Suka je ita da Dada ban sani ba, sai da aka zo maganar kuɗi aka tuna da ni tunda ni ne mai ɗan albashi a gidan.

Abin da malamin yace zai yi shi ne, zai karya abin da aka yi mata, zai ba da wani abu a binne a ƙofar ɗaki na kafi, zai yi aikin da zai juyo da hankalin mijin ya dawo yadda yake a da, sannan ya mayar wa wacce ta yi aikin da kayanta, kaikayi koma kan masheƙiya. Wai ya buga ƙasa ya ga mace ce doguwa fara kuma tana kusa da ita sosai, toh amaryar doguwa ce kuma fara ce, kun ga a wurin su Goggo an gama magana kenan. Ya nemi sunan mahaifiyar mijin, da hularsa wacce ya sa ba a wanke ba, da baƙin bunsuru, da kuɗin turare.

Nace musu ni fa hankalina bai kwanta ba. Goggo tace kai yaro ne, asiri ai kala biyu ne, akwai na cuta akwai na taimako, wanda ya raba aure shi ne mugu, wanda ya gyara aure lada ma zai samu, kuma ai ayyuka da niyya suke. Wallahi na rasa abin da zan ce mata, don in ka duba ba mu muka fara ba, kare kanmu muke son yi. Shi ne nake tambaya, wannan rabe-raben na fari da baƙi yana da asali a addini ko a baki kawai yake? In niyyata alheri ce, hakan ya wanke aikin? Kuma a cikin abubuwan nan da ya lissafa akwai wanda zan iya biya hankalina a kwance?

Abu Maryam Pantami:

Wa alaikumus salam. Allah Ya ba Adda lafiya, Ya daidaita tsakaninta da maigidanta. Ɗan'uwa kada ka ba da ko sisi.

Ka buɗe Suratul Baƙara aya ta 102 ka karanta wa Goggo da fassara. A nan ne Allah Ya wanke Annabi Sulaiman daga sihiri, Ya ce shaiɗanu ne suka kafirta suna koya wa mutane shi, Ya ambaci Haruta da Maruta a Babila, waɗanda ba sa koya wa kowa sai sun gargaɗe shi cewa su jarrabawa ne kada ya kafirta. Gaskiya ne misalin da ayar ta kawo na raba miji da mata ne, shi ya sa mutanenmu suke ɗauka in na haɗawa ne ba komai. Amma ayar ta ci gaba ta ce suna koyon abin da yake cutar da su ba ya amfanar su, kuma wanda ya saye shi ba shi da rabo a lahira. Ba ta ware wani kaso ta ce wannan mai kyau ne ba. A hadisin manyan zunubai 7 masu halakarwa, sihiri ne na biyu bayan shirka, ya ma riga kisan kai a jerin, kuma nan ma ba a ce baƙi kawai ba.

Wannan na juyo da hankalin miji da su Goggo suke gani kamar aikin lada, da sunansa aka hana shi. Abdullahi ɗan Mas'ud ya ga zare a wuyan matarsa an yi mata tofi a ciki, ya tsinke shi, ya faɗa mata cewa ya ji Annabi (SAW) ya sa tiwala cikin shirka, kuma tiwala ita ce abin da mace take yi don miji ya so ta. Matar aure fa, da mijinta na sunna, ba wata mai neman mijin wani ba. In da kyakkyawar niyya tana halatta asiri, ai wannan ne zai fara halatta.

Hadisin niyya kuma a kan aikin da asalinsa ya halatta yake aiki, shi ke sa ka samu lada ko ka rasa. Wanda ya ci kuɗin ruwa don ya biya wa maraya kuɗin makaranta, kuɗin ruwa ya ci.

Bugun ƙasa kuwa ko shi kaɗai ya isa. A Sahihu Muslim, wanda ya je wurin ɗan duba ya tambaye shi wani abu ba a karɓar sallarsa ta kwana 40, tambaya kawai fa, ba a zo maganar gaskatawa ba. Sai batun mayarwa. An yi wa Annabi (SAW) da kansa sihiri, Labidu ɗan A'asam ya yi da mataji da gashin da ya zuba, aka sa a rijiyar Zarwan. Shi da wahayi aka gaya masa wanda ya yi, ba da bugun ƙasa ba, duk da haka bai sa an mayar masa ba, ya ce Allah Ya ba shi lafiya kuma ba ya son ya tayar wa mutane da sharri, aka binne rijiyar. Ku kuma da "doguwa fara" za ku jefi mutum.

Ta riƙe azkar na safe da yamma, Falaƙi da Nasi da Ƙulhuwallahu ƙafa uku-uku, Ayatul Kursiyyu in za ta kwanta, a dinga karanta Baƙara a gidan. Ni a fahimtata har su rubutun sha da laya duk a bar su, ƙofa ce da in aka buɗe ba ta rufuwa.

Gardin Dukku:

Malam Abu Maryam Allah Ya saka da alheri, duk abin da ka faɗa a kan mutumin hanyar Kumo na sa hannu, wannan boka ne ya naɗa rawani. Amma layinka na ƙarshe ban yarda da shi ba, kuma irin wannan kuɗin goron ne yake sa iyayenmu mata su daina sauraronku gaba ɗaya. Kun ce musu komai shirka ne, har rubutun da suka ga kakanninsu mahaddata suna yi, sai su ce toh tunda duk ɗaya ne bari mu je inda za a yi mana mai ƙarfi.

Ni a tsangaya na tashi. Rubutun sha da na sani, a wanke allo, a ɗauko tawadar da aka dafa da gawayi da ƙaro, a fiƙe alƙalami, a rubuta Fatiha ko ayoyin shifa ko Yasin ko La'ilafi ƙafa kaza, a wanke da ruwa mai tsarki a ba mutum ya sha da bismilla. Duk wanda ya iya karatu zai iya ɗaukar allon ya karanta kafin a wanke. Kuma ba mu muka ƙirƙiro ba. A Risala ta Ibn Abi Zaid, wacce duk zauren ilimi a ƙasar nan ake karantar da ita, an ce babu laifi a yi tofi da littafin Allah da magana mai kyau, kuma babu laifi a rataya laya in Alƙur'ani ne a ciki. Ɗan Imam Ahmad ya ba da labarin ya ga mahaifinsa yana rubuta wa mai doguwar naƙuda a farin kwano a wanke ta sha, kuma Ibn Taimiyya da kuke ji da shi ya halatta hakan. Na san akwai magabata da suka ƙi layar ko da ta Alƙur'ani ce, mutanen Ibn Mas'ud na cikinsu, toh saɓani ne, a kira shi saɓani. Ko karɓar sadaka a kai akwai asali, Abu Sa'id ya ruwaito cewa sun yi wa wani shugaban ƙabila da kunama ta harba tofi da Fatiha aka ba su garken tumaki, Annabi (SAW) bai hana ba, har ya ce a sa masa kaso.

Ɗan Bolari, Goggo ba ta yi ƙarya gaba ɗaya ba, akwai iyaka, kawai ba a inda ta ja layin take ba. Ita tana kallon me ake so a samu. Malamai kuma suna fara kallon wa ake roƙo kuma da me. Auf ɗan Malik ya tambayi Annabi (SAW) game da tofin da suke yi tun jahiliyya, sai ya ce su kawo ya ji, babu laifi matuƙar ba shirka a ciki. Ka ga bai tambaye su niyyarsu ba, kalmomin ya ce a karanto. Daga nan Ibn Hajar ya kawo sharuɗɗa 3: ya zama da maganar Allah ko sunayenSa, da harshen da ake gane ma'anarsa, kuma a ƙudurta cewa Allah ne mai warkarwa ba tofin ba.

Yanzu ka auna mutuminku. Me hular da ba a wanke ba take yi a addu'a? Allah bai san mijin ba ne sai an kai Masa warin guminsa? Me ya sa bunsuru sai baƙi, in sadaka ce ai fari ma nama ne. Waɗannan buƙatun wasu ne da ake yi wa hidima don su yi maka hidima, kuma ba sa yi kyauta. Ku kula da alamomin nan ko a wurin wa kuka gani: neman gashi ko farce ko ƙasar sawu ko tsumman jiki, yanka a wani kango ko gindin tsamiya a ce kar a ambaci sunan Allah, a ce a binne abu a maƙabarta ko mararraba, a ce kar ka taɓa ruwa kwana kaza wato ba alwala ba salla, hatimi cike da sunayen da shi kansa malamin bai san ma'anarsu ba, aya a juye ko a rubuce da jini. Kuma ba zan ɓoye ba, a cikin gardawa akwai masu wannan, mutum ya haddace izu 60 amma kundin da yake ci da shi daban ne, mu muna ce musu 'yan tsibbu kuma ko a tsangaya ba a ganinsu da daraja. Shehu ɗan Fodiyo, wanda Modibbo Buba Yero na Gombe ya karɓo tuta a hannunsa, tun kafin jihadin 1804 yake yaƙi da masu sunan Musulunci da suke yanka wa itatuwa da duwatsu suna bugun ƙasa suna rubuta Alƙur'ani da jinin yanka. Matsalar ta daɗe, kuma tun lokacin ba a taɓa cewa a bar Alƙur'ani don wasu sun ɓata shi ba.

Uwar Biyu:

Hmmm. Malamai sun yi nasu, ni bari in yi magana a matsayin wacce aka taɓa cewa ita ce doguwa fara ɗin, duk da ni gajera ce baƙa, nawa malamin cewa ya yi "wacce ta shigo daga baya".

Na shiga gidan miji ina ta biyu, ko wata shida ban yi ba uwargidana ta kwanta ciwo, danginta suka je aka duba musu aka ce ni ce, wallahi tallahi ko hanyar gidan boka ban sani ba a lokacin, amma daga ranar yaranta suka daina cin abincina, in na ba su alewa sai su kai wa uwarsu a jefa a masai, maƙwabta in na shiga gidan suna sai a yi tsit, har tsintar ƙulli na yi a ƙarƙashin murhuna da allurai a ciki, kuma na tabbata wacce ta sa aka binne shi a ranta cewa take kare kanta take yi daga sharrina. Ita ma farin aiki aka ce mata. Daga ƙarshe da ciwo ya ci ƙarfinsu aka kai ta asibiti ashe ciwon suga ne da hawan jini, ta fara shan magani ta miƙe, amma har yau babu wanda ya zo yace min yi haƙuri, kuma babbar 'yarta har ta yi aure ba ta gaishe ni.

Abin da nake so Hamma Ɗan Bolari ya gane, duk wanda ya zauna a gaban malamin nan wanda aka zalunta ne a bakinsa. Babu macen da take zuwa tace malam ni muguwa ce a taimaka min in cuci baiwar Allah. Kowa kuka take zuwa da shi. Ba mamaki yanzu haka uwar amaryar tana wurin wani malamin ta hanyar Dukku ko Bajoga tana cewa uwargida ta sa 'yarta a gaba a yi mata tsari a mayar mata da kayanta. Toh wane ne fari wane ne baƙi a nan? Kamar alƙali ne da zai ji bakin mai ƙara kaɗai, a karɓi kuɗi a hannunta, a yanke hukunci a zartar, wacce ake ƙara ko sammaci ba a kai mata ba.

Sannan wannan juyo da hankalin, mu mata mun san sunansa, mallaka ce kawai aka sa mata riga. Ba a tambayi mijin ba, ba da saninsa za a ɗauki hularsa ba. In abin alheri ne me ya sa ba za a iya gaya masa ba? Tofi kam zan iya yi wa mijina yana kallona, har yace ƙara min a ruwa. Kuma wanda aka mallake ba ke kaɗai yake shafa ba, mun ga mazan da suka daina gaida iyayensu mata, suka daina ciyar da yaran ɗaya ɗakin, ana ce musu mijin tace, wa zai ɗauki alhakin waɗannan?

Abin da ya fi ba ni haushi a irin wannan maganar, an bar mai laifin da ake gani da ido an tafi neman na ɓoye. Mutum ya yi sabon aure ɗoki ya kwashe shi ya daina adalci, wannan ai ba sai an buga ƙasa ba. Shari'a ta ba budurwa kwana 7 bazawara kwana 3, daga nan rabo daidai, kuma hadisi ya ce mai mata biyu da ya karkata ga ɗaya zai tashi ranar ƙiyama ɓangarensa a shanye. Amma da an ce asiri ne shikenan an wanke shi tas, ya zama abin tausayi ma. Ina Bappanku, ina waliyyinta? Su kira shi su zaunar da shi da manyansa. Ita kuma Adda ka ɗauke ta da kuɗin bunsurun nan ku je asibitin ƙwararru ko na koyarwa a auna jininta da suga, ciwon kai kullum da rama da nauyin ƙirji a wurin macen da aka yi wa kishiya bara, damuwa kaɗai tana yin wannan.

Ɗan Bolari:

Na gode ƙwarai, Uwar Biyu maganarki ta shige ni, Allah Ya bi miki haƙƙinki. Mayarwa da mallaka na cire su. Amma Goggo za ta ce min toh in da gaske an yi ɗin fa? Malamin ya gaya musu wai wanda ya iya ɗauri shi ya iya kwance, addu'a kawai ba ta karya irin wannan. Karyawar kaɗai fa, ba a cuci kowa ba?

Abu Maryam Pantami:

Wannan ita ce gaɓar da ta fi wuya, kuma amana ta ilimi ta sa in faɗa maka akwai magana a cikinta. Sunanta nushra. An tambayi Annabi (SAW) game da ita ya ce aikin shaiɗan ce, Abu Dawud ya ruwaito daga Jabir. Amma Bukhari ya kawo cewa Ƙatada ya tambayi Sa'id ɗan Musayyib game da mutumin da aka yi wa sihiri ko aka ɗaure shi daga iyalinsa, ko a warware masa, ya ce ba laifi, gyara ake nufi. Hasanul Basri kuma ya tsananta, a wurinsa ba mai kwance sihiri sai masihirci. Ibnul Ƙayyim ya haɗa su ya ce iri biyu ce, kwancewa da sihiri irinsa ita ce aka hana, kwancewa da ruƙya da addu'a da magani na halal ita ce aka yarda.

Dalilin kuwa, shi mai kwancewa da sihiri aljanun da suka yi ɗaurin zai je ya lallaba da abin da suke so, baƙin bunsurun nan kenan. Ko an samu sauƙi ka riga ka biya da abin da ya fi lafiya tsada, kuma ka zama kwastoma, wata uku a ce an sake sabo.

Akwai abin da malamai suka ambata tun da, ganyen magarya ɗanye guda 7 a daka, a zuba a ruwa, a karanta Ayatul Kursiyyu da Ƙulaƙuzai, a kurɓa sau uku a yi wanka da sauran. Magarya kuwa ba sai an je Kumo ba. Kuma ita da kanta za ta karanta, ba wanda ya fi ta jin zafin abin balle ya fi ta ƙanƙan da kai. Gardi, maganar laya na ji, saɓani ne, amma ina nan kan bakana saboda abin da ake ɗinkewa a fata ba wanda ya san me ke ciki.

Ɗan Kaltungo:

Ni Kirista ne amma ku ba ni dama in sa baki, don gidajenmu ɗaya matsalarmu ɗaya. A Littafi Mai Tsarki ma ba a raba shi gida biyu ba, Maimaitawar Shari'a sura 18 ta jera mai duba da mai sihiri da mai tuntuɓar matattu ta hana duka. A Ayyukan Manzanni sura 8 akwai Siman mai sihiri a Samariya da ya kawo wa Bitrus kuɗi a sayar masa da ikon Allah, Bitrus ya tsawata masa sosai. A sura 19 kuma mutanen Afisa da suka tuba sun tara littattafansu na sihiri suka ƙone a gaban jama'a, kuɗinsu ya kai azurfa 50,000, ba su ware na taimako sun ajiye ba.

Amma mu ma muna da namu masu "farin aiki", sun sa kwat suna sayar da mai da ruwa, kuma da ka je abu na farko za a ce maka akwai wata tsohuwa a danginku. A ƙauyukanmu tsofaffi mata da marayu su suke shan wannan, a kira mutum maye a kore shi daga gari ko a yi masa dukan mutuwa. Mutane da yawa ba su san cewa dokar Penal Code ta Arewa da ta fara aiki a 1960 ta sa hukuncin ɗauri har shekara 2 a kan wanda ya ce shi maye ne, haka kuma a kan wanda ya zargi wani da maita. Su Goggo su yi hattara da bakinsu a kan amaryar nan.

Jikan Maharbi:

Duk na karanta. Ni tambayata ga Gardi ce. Maganar Uwar Biyu ta zauna a kan mallaka da jifa da kurciya da farraƙu, don akwai wanda ake yi wa ba da saninsa ba. Toh wanda mutum yake yi wa jikinsa fa? Kakana maharbi ne a wajen Nafada, yana da guru da kambu da kau-da-bara, bai taɓa jifan kowa ba, hasali ma a wurinsu maharbin da ya yi wa mutum sammu ya zubar da girmansa. Su a al'adarsu rabon a fili yake, akwai maganin tsari akwai na cuta. Kuma kar mu manta a 2014 da Boko Haram suka kama Mubi, maharba da 'yan banga suna cikin waɗanda suka taya sojoji ƙwato garin, da layunsu da gurayensu suka shiga, lokacin ba wanda ya tsaya tambayarsu me ke ciki, addu'a muka dinga yi musu. Yanzu sai a ce su da mai raba aure hukuncinsu ɗaya?

Gardin Dukku:

Ba ɗaya ba ne, kuma ba wanda zai ce ɗaya ne. Mai raba aure ya haɗa biyu, haƙƙin Allah da haƙƙin bawa, na biyun kuma ko ya tuba sai wanda ya cuta ya yafe. Kakanka ba shi da haƙƙin kowa a wuyansa ta wannan fuskar, kuma jarumtar mutanen Mubi Allah Ya saka musu. Saura tambaya ɗaya, me ke cikin gurun.

Don kayan maharba ba iri ɗaya ba ne. Akwai sassaƙe da saiwa da ganye, na dafin maciji da na karaya da na basir, wannan a hukuncin addini magani ne kamar na kemis, ko boka ne ya ba ka in dai itace ne zalla ba surkulle, ba wanda ya hana. Akwai wanda ayoyi ne aka rubuta aka ɗinke, wannan shi ne saɓanin da muke yi da Malam Abu Maryam. Akwai kuma wanda sai an yi yanka a gindin kuka an kira sunan wani iska, da sharaɗin kar ka ci kaza kar ka yi wankan janaba da shi ko ba shi, wannan ko tsari ne ko ba tsari ba an roƙi wanin Allah. Ko manyan malamai sun bi ta nan, Imam Malik ya tsananta a kan masihirci ƙwarai, shi kuma Imam Shafi'i ya ce a sa shi ya bayyana yadda yake yin nasa tukuna, in akwai kafirci a ciki a yi masa hukunci da shi. Kuma ka san sau nawa muke ji a rediyo an je gwajin maganin bindiga an kashe mutum, wani lokacin ma mai maganin ne da kansa.

Jikan Maharbi:

Toh ai matsalar ba a buɗewa, ce mana aka yi in ka farke ɗinkin ya karye. Guda biyu suna nan a akwatin Babanmu tun rasuwar tsohon, ba mai ɗaurawa ba mai iya yarwa.

Gardin Dukku:

Tunda ba mai ɗaurawa ai ba abin da zai karye. Ka nemi izinin Baba ka farke da reza a hankali kar ka yanki takardar, ka ɗauki hoto ka turo min ta akwatin saƙo. In ayoyi ne zan gaya maka surar, sai ku wanke rubutun ku zuba ruwan inda ba a takawa ko ku ƙona takardar ku binne tokar. In kuma wani abu ne daban, gashi ko ƙashi ko zare mai ƙulle-ƙulle, ka karanta Falaƙi da Nasi kana kwance ƙullin ɗaya bayan ɗaya sannan ka ƙona. Ka yi da rana, kuma kar ka bar yara a wurin, don wani lokaci ana samun allura ko garin da ba a san ko mene ne ba.